Hoto Ɗaya, Layi Biyu: Darasi a Kan Mim Ɗin Mulhidai da Yadda Ake Auna Su

Darasinmu na yau a kan wani abu ne da kusan kowannenku ya taɓa cin karo da shi a wayarsa: hoto guda, da layin rubutu a samansa, wani a ƙasansa, an shirya shi domin mai kallo ya yi dariya ko ransa ya ɓaci kafin ya ƙifta ido sau biyu. Ma'abota intanet suna kiransa mim. Akwai na ƙwallo, akwai na siyasa, akwai na tsadar shinkafa. Wanda za mu ɗora bisa teburin gwaji shi ne irin wanda mulhidai, wato waɗanda ba su yarda akwai Allah ba, suke haɗawa domin sukar addini. Mafi yawansu a Amurka da Turai aka ƙera su, kuma Kiristanci aka fara nufa da su, kafin daga baya a sauya musu riga a juyo da su kan Musulunci da sauran addinai.

Na san batu ne mai taɓa zuciya, don haka mu daddale tun yanzu. Ajin kimiyya muke ciki, kuma tambaya biyu muka zo da su. Me ke sa irin wannan hoto ya zagaya duniya cikin yini guda? Sannan wane ɓangare na abin da yake faɗa ne ake iya ɗorawa a kan ma'auni?

Inda tunanin ya samo asali

A 1976 wani masanin dabbobi na Jami'ar Oxford a Ingila, Richard Dawkins, ya fitar da littafi mai suna The Selfish Gene. A kan ƙwayoyin gado yake magana, waɗanda ke ɗaukar kamanni daga iyaye zuwa 'ya'ya. A babin ƙarshe sai ya ce akwai wani abu kuma da ake kwafa daga mutum zuwa mutum ba ta hanyar jini ba: karin waƙa, salon ɗaura ɗankwali, tatsuniya, hanyar gina tukunya. Wannan ya laƙaba wa suna mim. Ya ce abu uku ke sa abin da ake kwafa ya yi nasara: ya daɗe bai ɓace ba, ya hayayyafa da yawa, kuma a kwafe shi ba tare da ya lalace ba.

Ku duba jerin nan da kyau. Gaskiya ba ta cikinsa. Wannan shi ne ginshiƙin darasin gaba ɗaya. Ƙarangiya ta fi gero iya yaɗuwa, domin tana maƙale wa wandon duk wanda ya ratsa, ya kai ta gonar da ba ta taɓa zuwa ba. Amma ba wanda ya taɓa cika rumbu da ita. Iya yaɗuwa wani abu ne daban, amfani ko inganci wani abu ne daban.

Dawkins mulhidi ne da ba ya ɓoyewa. A farkon shekarun 1990 ya rubuta maƙala yana kamanta addini da ƙwayar cuta mai kama ƙwaƙwalwa, a 2006 kuma ya fitar da The God Delusion, a tsakiyar guguwar da Sam Harris da Daniel Dennett da Christopher Hitchens suka tayar tsakanin 2004 da 2007. A daidai shekarun ne Facebook da YouTube da Twitter suka buɗe ƙofa, sai hujjojin da ke cikin littattafai masu shafi ɗari huɗu suka riƙa ƙanƙancewa suna komawa hoto mai layi biyu. Abin lura a nan: idan yaɗuwar addini ba ta tabbatar da gaskiyarsa, kamar yadda Dawkins ya nace, to yaɗuwar hoton da ke sukar addinin ma ba ta tabbatar da komai. Ƙa'idar ba ta da ɗan gida. Ita kanta fassarar addini a matsayin cuta ba ta yi ƙarko ba ko a tsakanin masu ra'ayin. Susan Blackmore, wadda ta rubuta littafi guda a kan mim a 1999, ta fito a 2010 ta ce ta janye wannan kamancen, bayan ta ga alƙaluman da ke nuna cewa masu addini sun fi yawan haihuwa kuma sun fi haɗa kai. Ba ta koma mai addini ba. Hujja ce ta sa ta gyara maganarta, kuma haka ake son ɗan kimiyya ya yi.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa

Mu fara da ido. A 1973 Lionel Standing, a Kanada, ya nuna wa wasu mutane hotuna har 10,000 cikin 'yan kwanaki, daga baya ya gwada su, sai ya tarar suna iya gane mafi yawan waɗanda suka gani. Ƙwaƙwalwarmu ta fi riƙe hoto a kan rubutu nesa ba kusa ba.

Abin bai tsaya a riƙewa ba. A 2012 Eryn Newman da abokan aikinta suka ba mutane jerin maganganu su ce gaskiya ne ko ƙarya. Wasu maganganun an haɗa su da hoto, wasu babu. Hoton ba ya ɗauke da wata hujja. Idan maganar a kan wani mutum ce, fuskarsa kawai aka saka. Duk da haka, mutane suka fi cewa "gaskiya ne" a kan waɗanda ke da hoto. To ku tuna yadda ake liƙa fuskar Einstein ko ta wani tsohon masanin falsafa mai farin gemu a gefen magana. Fuskar tana yi wa maganar aikin shaida alhali ba ta shaidi komai ba.

Na uku shi ne maimaici. A 1977 Lynn Hasher da David Goldstein da Thomas Toppino suka tara ɗalibai sau uku, mako biyu tsakani, suna karanta musu maganganu, wasu sababbi, wasu an riga an karanta musu a baya. Waɗanda aka maimaita, har da na ƙarya, darajarsu ta riƙa hawa a idon ɗaliban. Dalilin shi ne abin da ka saba ji yana shiga ƙwaƙwalwa cikin sauƙi, ita kuma sai ta ɗauki sauƙin a matsayin alamar gaskiya. A 2015 Lisa Fazio ta nuna cewa ko wanda ya san amsar daidai bai tsira daga wannan ba. Wannan sakamakon ya kamata ya ba kowane mai ilimi tsoro, domin mun saba ɗauka cewa jahili kaɗai ake ruɗa.

Sai barkwanci. Binciken Dannagal Young na 2008 ya nuna cewa idan aka kawo hujja cikin raha, mai sauraro yana rage bin diddiginta. Hankalinsa ya tafi wajen gano inda dariyar take, ga kuma mafakar da mai maganar ya tanada: in ka ƙure shi, ya ce ai wasa ne.

Injin da ke turawa

A 2018 masu bincike uku daga MIT a Amurka, Soroush Vosoughi da Deb Roy da Sinan Aral, suka wallafa nazari a mujallar Science. Sun bi sawun labarai kusan 126,000 da mutum kimanin miliyan 3 suka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin 100, kuma kafin labarin gaskiya ya kai ga mutum 1,500 sai ya ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka. Da suka cire asusun da kwamfuta ke sarrafawa, sakamakon bai sauya ba. Mutane ne ke yi. Nazarin ba a kan addini aka yi shi ba, amma abin da ya gano ya shafe mu: sabon abu mai tayar da mamaki ko ƙyama shi ke gudu.

Kamfanonin sun san haka. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 manhajar ta riƙa ba alamomin motsin rai, har da fuskar fushi, maki ninki biyar na alamar yatsa, kafin daga baya a rage. Ma'anar wannan ga mai addini a bayyane take. Ka ga hoton da ya ɓata maka rai, ka danna fushi, ka zuba zagi a ƙasa, ka tura wa zaurukan WhatsApp goma kana cewa ku ga abin da ake yi mana. Manhaja ba ta san kana tsinewa ba ne. Ita dai ta ga abu yana jan mutane, sai ta ƙara nuna shi. Da yawa daga cikin hotunan nan a kafaɗar waɗanda suka fi tsanarsu suke tafiya.

Fiɗar mim

Yanzu mu ɗauko wuƙa. Kowane irin wannan hoto, in ka fede shi, za ka samu ɗaya ko fiye daga abu uku: iƙirarin da ake iya bincikawa, hujjar falsafa, da kuma zallar ba'a. Ba'a ba ta da abin aunawa, mu ajiye ta gefe. Na farkon shi ne abincin ɗan kimiyya.

Akwai wani zane da ya shahara ƙwarai. Layi ne yana hawa a zamanin Girkawa da Rumawa, sai ya faɗi ƙasa warwas na shekara dubu, an rubuta cewa wannan ramin addini ne ya haƙa shi, sannan ya sake tashi. Tambayar farko da ɗalibin lissafi zai yi ita ce: me aka auna a layin tsaye? Cigaban kimiyya da mudu ake auna shi ko da kilo? Zanen ba shi da ma'auni, ba shi da majiya. Sannan ya share duniya duka ya bar yammacin Turai. A cikin waɗannan shekarun da aka ce duhu ne Al-Khawarizmi ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza, Ibnul Haisam ya yi gwaje-gwajensa na haske a Alƙahira, Al-Biruni ya lissafa girman duniya, Sinawa suka ƙera allurar nuna alƙibla ta matafiya da garin bindiga. A Turan ma a lokacin aka kafa jami'o'in Bologna da Paris da Oxford. Ƙanin wannan zane shi ne cewa malaman coci sun ɗauka duniya shimfiɗaɗɗiya ce har sai da Columbus ya ƙaryata su. Masu ilimin Turai na wancan zamani sun san duniya ƙwallo ce. Labarin marubuci Washington Irving ne ya yi masa ado a littafinsa na 1828.

Wani kuma yana jera abubuwan da aka ce gunkin Misira, Horus, ya yi tarayya da Annabi Isa, alaihis salam, a cikinsu: wai budurwa ce ta haife shi ranar 25 ga Disamba, yana da almajirai goma sha biyu, an gicciye shi. Fim ɗin Zeitgeist na 2007 ne ya baza wannan. Masana tarihin Misira ba su sami ko ɗaya daga ciki a rubuce-rubucen Misirawa na da ba. A tatsuniyarsu, Horus ɗan Isis ne da mijinta Osiris. Jerin ya samo tushe ne daga irin rubutun Gerald Massey, wani marubucin Ingila na ƙarni na 19.

Na gaba ya fi wayo, domin alƙalumansa na gaske ne. Za ka ga an rubuta cewa kashi 7 cikin 100 kacal na manyan masana kimiyya ne suka yarda da Allah. Edward Larson da Larry Witham sun wallafa wannan adadi a mujallar Nature a 1998, kuma a kan mambobin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka suka yi, da tambaya a kan Ubangiji mai amsa addu'a. A 2009 cibiyar Pew ta tambayi wata ƙungiyar masana kimiyya ta Amurka da ta fi faɗi, ta samu kashi 33 sun yarda da Allah, kashi 18 sun yarda da wani iko na sama, kashi 41 ba su yarda da ko ɗaya ba. Duka binciken biyu gaskiya ne. Mulhidi zai ɗauki 7, mai wa'azi zai haɗa 33 da 18 ya ɗauki 51, kowa ya ɓoye su wa aka tambaya da abin da aka tambaye su. Kuma ko da ɗari bisa ɗari ne, ƙidayar kawuna ba ta warware tambayar, domin ƙwarewa a sinadarai ba ta mai da mutum alƙali a falsafa.

Haka wanda ke ajiye hoton jirgin zuwa wata a gefe ɗaya da sunan kimiyya, da hoton harin 11 ga Satumba 2001 a ɗaya gefen da sunan addini. Wannan kuskuren zaɓen samfuri ne: an ɗauko mafi kyawun wannan, an gwama da mafi munin wancan. Da irin wannan dabara wani zai iya ajiye Hiroshima ta 1945 kusa da gidan marayu na masu addini, kuma shi ma ya yi zalunci. Charles Phillips da Alan Axelrod sun tattara yaƙe-yaƙe 1,763 a kundinsu na tarihin yaƙi, waɗanda aka jera ƙarƙashin na addini kuwa sun ɗan haura 120, wato kusan kashi 7 cikin 100. Ana iya jayayya a kan yadda aka rarraba su, amma da wuya a fitar da "mafi yawa" daga nan. Albaniya a 1967, ƙarƙashin Enver Hoxha, ta rufe masallatai da coci-coci duka, kuma hakan bai sa ta zama gidan rahama ba.

Kada ku fita daga nan da tunanin cewa duk abin da mulhidai suka faɗa ƙarya ne. An gurfanar da Galileo a Rum a 1633, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida. Jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda aka rufa asirin limaman coci masu lalata yara a 2002. Mu ma a nan, dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohi a 2003, bisa jita-jitar da aka yi wa rigar addini, ya bar yara da gurguntar da ba ta warkewa. Idan suka ta faɗa a kan gaskiya, amsarta gyara ce. Wanda ya musanta abin da kowa ya gani da ido, shi ke ba mai sukar ƙarfi.

Inda ma'auni ya tsaya

A 2005 hukumar ilimi ta jihar Kansas a Amurka tana shirin buɗe ƙofa ga koyar da ra'ayin cewa akwai mai tsara halitta a cikin ajin kimiyyar halittu. Wani matashi da ya karanta kimiyyar fiziks, Bobby Henderson, ya rubuta musu wasiƙa ya ce shi ya yarda wani dodon taliya mai tashi sama ne ya yi duniya, don haka a ba nasa ra'ayin lokaci daidai. Hoton dodon ya zama tambarin mulhidai har yau. A bayansa akwai tsohuwar hujjar Bertrand Russell ta 1952: in na ce akwai butar shayi tana zagaya rana tsakanin duniya da Mars, ba wanda zai iya ƙaryata ni, amma nauyin kawo hujja a kaina yake.

A nan akwai abin da yake daidai. Abin da babu gwajin da zai iya ƙaryata shi ba ya cikin hurumin kimiyya, kamar yadda Karl Popper ya shimfiɗa tun 1934. Amma ƙa'idar tana yanka ta gefe biyu, domin "babu Allah" ma ba sakamakon gwaji ba ne. Masu falsafar addini kuma suna amsa Russell da cewa buta abu ce a cikin duniya, mai buƙatar wanda ya ƙera ta da wanda ya harba ta, alhali tambayar da Ibnu Sina ya yi tun ƙarni na 11 ita ce a kan me jerin abubuwa masu dogaro da juna yake tsayawa. Mutum na iya gamsuwa da wannan amsa ko ya ƙi, amma babu madubin hangen taurari da zai raba gardamar.

Mafi nauyi a cikin hotunan nan shi ne hoton yaro mai yunwa da tambayar ina rahamar Ubangiji. Akan jingina kalmomin ga Epicurus, kodayake ba a same su a abin da ya rage na rubutunsa ba. Ta hannun Lactantius, marubucin Kirista na ƙarni na 4, suka iso, David Hume kuma ya sake tayar da su a littafin da aka buga a 1779. Kuskuren jinginawa bai rage wa tambayar nauyi ba. Malaman tauhidi da na falsafa, daga Al-Ghazali zuwa Leibniz, sun cika mujalladai a kanta. Abin da ke damuna da hoton shi ne yana sa matashi ya ɗauka shi ne farkon wanda ya yi tambayar kuma ba wanda ya taɓa amsawa. Idan ya kai ta wurin babba aka daka masa tsawa, sai ya tabbatar wa kansa hoton ya yi gaskiya. Malamai da iyaye, wannan yaron zama yake buƙata da bayani.

Ma'aunin a kan namu

Wanda ya koyi aunawa dole ya auna har da abin da yake so. Sau nawa aka turo muku cewa Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata a 1969 ya musulunta? Shi da kansa ya musanta, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta bayani a kan haka a 1983. Labarin musuluntar Jacques Cousteau, mai binciken teku na Faransa, gidauniyarsa ta ƙaryata shi a 1991. Labarin ɗalibi Einstein da ya kunyata farfesa mulhidi a aji ba shi da tushe a tarihin rayuwarsa. Hanyar da waɗannan ke bi su shiga zuciya ita ce dai wadda muka gani: fuskar sananne, maimaici, da daɗin jin an yi nasara. Haɗarinsu kuwa babba ne, domin ranar da yaro ya gano labarin Armstrong ƙirƙira ne, zai fara shakkar sauran abin da wanda ya turo masa ya gaya masa. Al'ummar da malamanta suka ƙagi ilimin isnadi, suna tafiyar wata guda domin tantance mai ruwaya ɗaya, bai kamace ta ta riƙa tura magana don kawai an liƙa mata hoto ba.

Aikin gida

Kowa ya zaɓi hoto biyu daga wayarsa, ɗaya mai sukar addini, ɗaya mai kare shi. Kada ku tura wa kowa, kuma ku bar duk wanda zagi ne zalla. A kan kowanne ku rufe hoton da hannu, ku kwafi rubutun kaɗai a littafi, ku ja layi ƙarƙashin abin da ake iya bincikawa. Ku nemo wa ya fara faɗa, a wace shekara, a wane littafi ko mujalla. In akwai adadi, ku rubuta su wa aka ƙirga da abin da aka tambaye su. Daga ƙarshe ku rubuta hujjar ɗaya ɓangaren yadda mai ita zai karanta ya ce haka nake nufi, kamar yadda Al-Ghazali ya fara shimfiɗa manufofin masu falsafa a littafi guda kafin ya rubuta raddinsa. Ku kawo ranar Litinin. Da su za mu shiga darasi na gaba, a kan bambancin abu biyu da suka faru tare da abu biyu da ɗaya ya haifar da ɗaya.